Sana'ar Famfo da Ruwan Zafi a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya san ƙasar da ta shimfiɗu daga Tasawa zuwa Mayahi, ya kuma bi Gulbin Kaba inda goriba ta yi sahu a cikin kwarin da ruwansa ya daɗe da nutsewa ƙarƙashin rairayi, ya san cewa zaman mutanen wannan yanki tun fil azal a kan rijiya ya dogara: inda aka haƙa aka tarar da ruwa nan gari ya kafu, inda kuwa rijiya ta ƙafe nan jama'a suka ɗaure kaya suka tashi. A kan tudun da ya yi nisa da kwarin, rijiya takan yi zurfin gaba masu yawa, har sai an ɗaura wa sa ko jaki igiyar wasaki yana ja, mata kuma suna jiran layi da tuluna tun kafin hantsi. Waɗannan gundumomi biyu na jihar Maraɗi, bisa ƙidayar da aka yi a shekarar 2012, kowacensu ta haura mutum rabin miliyan, yawan kuwa ƙaruwa yake yi kowace shekara, alhali damina ba ta ƙara tsawo ba.

A shekarun baya-bayan nan al'amari ya ɗauki wata sura. An haƙa rijiyoyin burtsatse, an kafa shato, wato manyan tankunan ruwa, a kan dogayen ƙafafu na ƙarfe ko na kankare, an binne manyan bututu a ƙarƙashin tituna. A ƙauyuka masu girma kuma an sa injunan da ke jawo ruwa da hasken rana, ƙananan hukumomi suna danƙa kulawarsu ga ƴan kasuwa bisa yarjejeniya. Ruwan birane kuwa, tun shekarar 2001 hukumar Nijar ta raba aikinsa gida biyu: kamfanin SPEN na daula shi ke riƙe da dukiyar, wato rijiyoyi da shato da manyan bututu, SEEN kuma, wanda kamfanin Veolia na Faransa ya riƙe rinjayen hannun jari a cikinsa, shi ya riƙa sarrafa ruwan yana sayarwa, har zuwa farkon shekarar 2024 lokacin da kamfanin ƙasa mai suna NDE ya gaje shi. Sai dai akwai wata iyaka da mai karatu ya kamata ya lura da ita, domin a kanta wannan bayani ya ginu. Alhakin kamfanin ruwa, ko wane ne shi, yana tsayawa ne a bakin ma'aunin da aka kafa a ƙofar gida. Daga nan zuwa ciki, bututun da ya ratsa zaure ya shiga tsakar gida, da robinen madafa, wato kan famfo, da banɗaki, da tankin da ke bisa rufi, da ramin da ƙazamin ruwa zai gangara cikinsa, duk suna wuyan maigida, maigida kuwa ba shi da abin dogaro sai hannun plombiye, wato mai aikin famfo. Idan hannun nan ya ƙware, dukiyar da daula ta kashe ta isa ga wanda aka nufa; idan bai ƙware ba, ruwan da aka jawo daga zurfin ƙasa da wahala mai yawa zai tsiyaye a gindin bango, ko ya gurɓata kafin ya kai baki.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan sana'a a kan cewa haɗa tiyo da tiyo ce kurum, abin da kowane yaro mai zarto da gwangwanin gam zai iya. Haƙiƙanin lamarin ya wuce haka nesa, domin tushenta ilmin lissafi ne da sanin ɗabi'ar ruwa. Abu na farko da ɗalibi zai riƙe shi ne cewa ƙarfin ruwa a cikin bututu daga tsayi yake zuwa: kowace mita 10 da tanki ya ɗaga bisa robine tana ba da ƙarfin da ma'aikata ke kira bar ɗaya, saboda haka tankin da aka aza bisa ɗan rufin da bai wuce mita 3 ba, ƙarfinsa bai kai sulusin bar ba, kuma idan aka ƙara masa siririn bututu mai kwana-kwana, ruwan shawa sai ya riƙa ɗiga kamar ana rowarsa, maigida ya yi ta zargin kamfani alhali laifin yana cikin bangonsa. Abu na biyu shi ne sanin kayan aiki da halin kowanne. Bututun ƙarfe mai rufin tutiya ana yanka masa zare a naɗe shi da teflon, yana da ƙarfi amma tsatsa takan cinye cikinsa a hankali har hanyar ruwa ta ƙuntata. Bututun PVC ana manna shi da gam, yana da araha, amma ba ya jure ruwan zafi, kuma idan aka bar shi a fili zafin ranar Afrilu yana gasa shi har ya zama yana tsagewa da ɗan bugu kaɗan. Bututun PPR kuwa, wanda ya yawaita a kasuwa yanzu, narkar da bakinsa ake yi da ƙarfe mai zafin kimanin digiri 260 a haɗa shi da ɗan'uwansa. Wanda ya gaggauta cirewa zai bar kafa, wanda ya jinkirta kuma robar za ta narke ta toshe rabin hanyar daga ciki, inda ido ba ya gani, sai bayan an shafe bango da siminti sannan aibin ya bayyana.

Amma inda sana'ar ta fi nauyi, inda kuma na fi jin tsoron sakaci, shi ne ɓangaren fitar da ƙazamin ruwa. Bututun da ke kwashe shi ba ya aiki da ƙarfin tanki, gangare ne kaɗai ke tafiyar da shi, ƙa'idar kuwa ita ce a sunkuyar da shi santimita 1 zuwa 2 a kowace mita; in ya kwanta daidai ƙazanta ta tsaya, musamman a ƙasarmu inda ake wanke tukwane da yashi da toka, abin da ke wajabta a gina ɗan akwatin da zai tare yashin kafin ya shiga bututu. Ƙarƙashin kowane abin wanke hannu da kowane masai akwai wata lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa a kowane lokaci, ruwan nan kuwa shi ne dogarin da ke tsaye a bakin zaure, yana hana wari da kyankyasai da iskar rami dawowa cikin ɗaki. Wanda bai san hikimarsa ba yakan miƙe bututun don ya rage kuɗin kaya, iyalin gida su wayi gari suna zaune da ɗoyi ba su san mafarinsa ba. Ramin da ke karɓar najasa shi ma yana da sharuɗɗa: a nisanta shi daga rijiya, masana lafiya sukan ba da shawarar mita 30, a kuma yi masa bututun shaƙar iska. A ƙasa mai rairayi irin ta Mayahi, inda ruwa ke ratsa ƙasa cikin sauƙi, kuma a cikin kwari inda ruwan ƙasa yake kusa, wannan sharaɗi ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma wata ɓoyayyar mafsada da ba kowa ya san ta ba. Yayin da aka ɗauke ruwa, abin da yake faruwa a garuruwanmu musamman da bazara, bututu yakan zama fanko har ya riƙa tsotso daga waje. To idan akwai tsaga a jikinsa a daidai inda ya bi ta cikin kwata ko kusa da salga, ƙazamin ruwan zai shiga, da an dawo da ruwa kuma ya tafi kai tsaye cikin randa. Jihar Maraɗi ta sha fama da annobar amai da gudawa, ta 2018 da ta 2021 ba su yi nisan da za a manta da su ba, kuma ko da yake hanyoyin yaɗuwar cutar suna da yawa, cuɗanyar ruwan sha da najasa ita ce uwarsu. Malamanmu tun a farkon karatun Ahalari da Ishmawi da Risala suke koya wa almajiri cewa ruwan da ake tsarki da shi shi ne wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita da najasa ko wani abin da ya cuɗanya da shi ba. A gidan da ruwa ke shigowa ta bututu, mai aikin famfo ne yake tsare wannan sharaɗi a aikace, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ne kuma zai shawarci maigida kan inda masai zai fuskanta, tun da jama'a da yawa ba sa son ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, da inda za a sa ɗan robinen cika buta, da yadda za a gina wurin alwala don kada ruwa ya fantsamo wa tufa. Garin Tasawa ya ga aikin tsabtace gari da gina masai ta hanyar ƙawancensa da garin Conflans-Sainte-Honorine na Faransa, irin wannan aiki kuwa ba ya ɗorewa sai da ƴan gari masu iya gyara abin da aka gina bayan baƙi sun koma.

To ina ake koyon wannan sana'a? Mafi yawan masu yin ta a shago suka koya, bisa tsohuwar al'adar da maƙera da magina da majema suka gada: uba ya kai yaro wurin maigida, yaro ya fara da ɗaukar akwatin kaya da fasa bango da haƙar rami, a hankali a ba shi zarto, daga baya a bar shi ya haɗa bututu, har ranar da za a yaye shi. Ban raina wannan hanya ba ko kaɗan. Ibn Haldun ya faɗa a cikin Muƙaddimarsa cewa sana'a malaka ce da ba ta samuwa sai ta hanyar malami da maimaita aiki, kuma shago yana koyar da abin da aji ba ya iyawa, kamar sanin kasuwar kaya, da bambance robine na kirki da na jabu tun a tafin hannu, da ladabin shiga gidan mutane. Raunin hanyar dai shi ne, yaro ba ya wuce iyakar abin da maigidansa ya sani, kuma kuskuren maigida yakan zama sunna a wurin yaransa, su ma su gadar wa nasu. Ba a shago ake koyon karanta zanen gini ba, ko lissafin faɗin bututun da zai ishi gida mai banɗaki huɗu, ko dalilin da ya sa aka ce a yi kaza kada a yi kaza.

Ta ɓangaren hukuma, Maraɗi tana da tsohuwar makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, wadda ta yaye ma'aikata masu yawa tun shekarun farko na mulkin kai. A zamanin shugaba Mahamadou Issoufou, wanda ya hau mulki a 2011, an ɗauri aniyar kafa cibiyar koyon sana'a da ake kira CFM a kowace ƙaramar hukuma, da kwalejin fasaha da ake kira CET a kowace gunduma, domin yaron Korgom ko Urafan ko Kanambakashe ko Sarkin Hausa ya sami wurin koyo ba tare da ya bar ƙasarsu ba. Akwai kuma asusun FAFPA, wanda ke ɗaukar nauyin wani tsari da nake ganin shi ne ya fi dacewa da wannan sana'a, wato yaro ya ci gaba da zama a shagon maigidansa, amma ya riƙa zuwa cibiya a wasu ranaku yana ɗaukar darasin ƙa'ida. Ƙungiyar Swisscontact ta ƙasar Suwizalan ita ma ta yi shekaru tana tallafa wa koyon sana'a a karkarar Maraɗi da Dosso. Ginin aji dai shi ne mafi sauƙi a cikin wannan aiki. Darasin famfo yana cin kaya: kowane haɗi da ɗalibi ya gwada bututu ne ya tafi, gam ne ya ƙare, kuma cibiyar da ba ta da bangon gwaji da tanki da injin gwada ƙarfin ruwa, allo da alli kaɗai za ta ba ɗalibanta, su fito da takardar shaida alhali hannunsu bai san nauyin sifana ba. Imam Gazali ya lissafa sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai yin su duka garin ya shiga laifi. A ganina aikin famfo ya shiga wannan babi tun ranar da bututu na farko ya shigo gari, kuma attajiran Tasawa da Mayahi da ke gina masallatai, Allah ya saka musu, za su iya sanya kayan koyon wannan sana'a a cikin sadakarsu mai gudana.

A ƙasashen Turai, mai aikin famfo shi ne kuma mai kafa na'urorin ɗumama ɗakuna, saboda sanyinsu yana kisa. Mu a nan buƙatarmu ta ɗumama ɗaki ba ta wuce ƴan makonnin hunturu ba, lokacin da sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 15, jama'a su shiga da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga, alhali gawayin da ke ci a rufaffen wuri yana fitar da iska marar launi marar wari wadda ke kashe mai barci. Ruwan zafi kuwa buƙatarsa a wurinmu babba ce: tsoho mai alwalar asuba da sanyi, da majinyaci, da ɗakin haihuwa a likita, uwa-uba mai jego, wadda al'ada ta ɗora mata wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, abin da ke cinye itace mai yawa a ƙasar da kowane gawo da kowace kalgo ke da daraja a gona. Masu hali sukan sayi tukunyar lantarki su rataya a banɗaki, a nan ne kuma jahilcin ma'aikaci ke zama haɗari ga rai. Ruwa idan ya yi zafi kumbura yake yi, shi ya sa ake sa wa tukunyar wani bawul na tsaro da ke buɗewa da kansa idan ƙarfin ya kai bar 7. Ma'aikacin da ya ga bawul ɗin yana ɗiga ya toshe shi don ya faranta wa maigida, ya mai da tukunyar abin da zai iya fashewa. Haka nan idan ba a haɗa ta da wayar ƙasa ba, lantarki na iya bin ruwa ya kama mai wanka. Ga tsadar wuta, ga kuma rashin tabbacinta, domin yawancin lantarkin wannan yanki daga Nijeriya yake shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa, kowa kuma ya ga abin da ya faru lokacin da aka yanke shi a watan Agustan 2023.

Abin da ke sa ni takaici da alfahari a lokaci guda shi ne, ɗaya daga cikin mutanen da suka fi yin aiki a Afirka ta Yamma a kan mafitar wannan matsala, wato ɗumama ruwa da rana, a Tasawa aka haife shi. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya zo duniya a garin ranar 26 ga Yunin 1929, ya yi zurfi a ilmin kimiyyar fiziya a Faransa, ya jagoranci ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, sannan daga 1969 ya riƙe ofishin makamashin rana na Nijar, wato ONERSOL, inda aka ƙera tukwanen ɗumama ruwa da rana, da na'urorin tace ruwa da na busar da abinci, da hannun ma'aikatan ƙasa. Ya shugabanci jami'ar Yamai, wadda take ɗauke da sunansa a yau, ya rasu a 1991. A littafinsa na 1964 kan ilmi a Afirka ya yi jayayya da tsarin makarantar da Nasara suka bari, wanda ke raba karatu da aikin hannu, yana kuma raba yaro da harshen uwarsa.

Tukunyar rana ba ta da wani sirri da ya fi ƙarfin yaron da ya gama firamare. Akwati ne mai baƙin ciki da murfin gilashi, bututu na bi ta cikinsa, tanki kuma yana zaune bisa da shi. Rana ta gasa bututun, ruwan da ya yi zafi ya yi sauƙi ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, haka za su yi ta zagayawa har la'asar ba tare da inji ko waya ba. Ɗumama lita 100 daga digiri 20 zuwa 60 yana buƙatar ƙarfin da ya kusa kilowat-awa 5, ranar Nijar kuwa tana zuba kimanin 5 zuwa 7 a kan kowace murabba'in mita a yini, saboda haka akwati mai murabba'in mita 2 ya ishi gida matsakaici ko da rabin zafin ya salwanta. Sharuɗɗan kafa ta su ne abin koyo: a fuskantar da gilashin kudu, a jingina shi kimanin digiri 15 gwargwadon matsayin ƙasarmu, tanki ya kasance bisa akwati, bututun da ke tsakaninsu ya hau ba tare da lanƙwasar da za ta tare iska ba, a lulluɓe shi don kada zafi ya gudu da dare, a kuma koya wa masu gida share ƙurar hunturu daga gilashin, tun da lokacin da aka fi buƙatar ruwan zafi shi ne lokacin da hazo ya fi yawa. Wani zai tuna cewa malaman fiƙihu sun yi magana a kan ruwan da rana ta ɗumama, wasu suka karhanta amfani da shi idan a cikin mazubin ƙarfe yake a ƙasa mai zafi, wasu kuma ba su ga karhanci ba. Saɓanin dai a kan karhanci ya tsaya, babu wanda ya ce alwala ko wanka da shi ba su inganta ba, kuma ya kyautu ɗalibi ya san wannan domin za a tambaye shi a ƙofar gida.

Saurayin da ya haɗa aikin famfo da na tukunyar rana da ɗan sanin injin jawo ruwa, yana da aikin yi rani da damina, a gidaje da makarantu da likitoci da masallatai, maimakon ya bi ayarin ƴan ci-rani zuwa Kano ko Legas ko Libiya. Sai dai ranar yaye shi yana buƙatar akwatin kaya nasa na kansa, da sifana da zarto da injin narka bututu, in ba haka ba zai koma yaron wani har ya manta abin da ya koya. Kuma ina roƙon masu tsara waɗannan cibiyoyi su dubi ƴan mata da idon basira, kada a tsare su a ɗinki da saƙa kaɗai. Robine da madafa da banɗaki a cikin gida suke, inda mata ke wuni, a gidaje da yawa kuwa namiji baligi ba ya wuce zaure sai maigida yana nan, har robine ya yi mako yana zuba ana jiran ya dawo daga kasuwa ko daga tafiya. Mace mai sifana za ta yi sallama ta shiga a kowane lokaci, ta gyara, ta kuma nuna wa uwargida yadda ake canza robar robine da inda ake rufe ruwan gida gaba ɗaya idan bututu ya fashe da dare.